Christy Essien-Igbokwe: marainiyar da ta rera nasihar uwa

Na daɗe ina ɗaukar mawaƙiya Christy Essien-Igbokwe Bayarabiya ce, kuma ina da hujjar da ta sa na ɗauka haka. A farkon shekarun 1980 muna zaune a wani gidan haya a Kaduna, irin gidajen nan masu ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya, inda Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri da mutumin kudancin Zariya suke shanya a igiya guda. Maƙwabciyarmu ta ɗakin ƙarshe Bayarabiya ce mai sana'ar ɗinki, kowa a gidan yana kiranta Iya, kuma mijinta yana da na'urar faifai wadda yake ji da ita ƙwarai. Duk ranar Asabar da hantsi, idan Iya ta fito da bahon wanki, sai ta sa a ɗora mata faifai ɗaya, ta bar ƙofa a buɗe, muryar wata mace ta cika gidan da waƙar Seun Rere. Mu yara muka haddace amshin tsaf ba tare da mun san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta sakin jiki da waƙoƙin zamani, don haka wata rana ta tsaya bakin ƙofar Iya ta ce, "Iya, wai me yarinyar nan take faɗa ne da ba kya gajiya da ita, har yarana sun ɗauka?" Iya ta yarfe kumfar hannunta ta amsa da Hausarta mai karin Yarabanci, "Maman yara, faɗa take yi wa ɗa, ya yi abin kirki, ya ji maganar uwa da uba, kada ya harare su." Mahaifiyata ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ashe nasiha ce." Daga ranar ba ta sake hana mu rera ta ba.

Sai da na shiga makarantar gaba da sakandare na gano cewa mai wannan murya ba ta haɗa jini da Yarabawa ba. 'Yar ƙabilar Ibibiyo ce, an haife ta a ranar 11 ga Nuwamba, 1960, makonni shida bayan Najeriya ta sami 'yancin kai, kuma asalinta daga Okat ne a yankin Onna, wanda a yau yake cikin Jihar Akwa Ibom. Tana 'yar shekara shida yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, tana da tara aka ajiye makamai a Janairun 1970, wato ƙuruciyarta ta faɗa daidai lokacin da gabashin ƙasar nan yake cikin yunwa da gudun hijira. Ba a daɗe da fita daga wannan ba mahaifiyarta ta rasu, ita kuma tana da shekara goma sha biyu. Wata ƙawar mahaifiyar ce ta riƙe ta a Aba, kuma ita ce ta lura yarinyar tana da baiwar murya, ta ƙarfafa mata gwiwa, har ta saya mata rikodar kaset ta hannu domin ta riƙa ɗaukar waƙoƙin da take ƙirƙira. A duk tarihin Christy babu wanda nake jinjina wa kamar wannan baiwar Allah. Mu da muka san yadda riƙon maraya yake kasancewa a gidaje da yawa, inda yarinyar da aka ɗauko takan ƙare a talla da wanke-wanke, mun san darajar matar da za ta cire kuɗi daga aljihunta ta saya wa 'yar riƙo abin da ba ci ba ne, ba sutura ba, don kawai ta ga ranta yana son abin.

Aba ta wancan lokaci gari ne na kasuwanci da ƙere-ƙere da ke ƙoƙarin miƙewa daga ɓarnar yaƙi, kuma kiɗa yana cikin abubuwan da suka fara farfaɗowa. Ƙungiyoyin samari masu jita irin su The Wings da The Apostles a can suka yi suna. A cikin wannan hayaniya Christy ta fara waƙa tun tana 'yar sakandare, tana hawa dandamali a wuraren shaƙatawa na garin, kuma tana fitowa a wani shirin kiɗa mai suna Now Sound a gidan talabijin na Aba. Daga nan ne ƙofar wasan kwaikwayo ta buɗe mata. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, tana zaune ana gwajin wani wasa, ta ji ɗaya daga cikin 'yan wasan yana kuskuren faɗin kalamansa, ta gyara masa, masu shirin suka juyo suka dube ta. Haka a 1976, tana da shekara goma sha biyar zuwa sha shida, ta shiga wasan Masquerade, wanda daga baya duk ƙasa ta san shi da The New Masquerade.

Wannan wasa yana buƙatar bayani ga waɗanda ba su riske shi ba. James Iroha ne ya ƙirƙiro shi bayan yaƙi, ya fara a rediyo a Inugu kafin ya koma talabijin, kuma manufarsa ita ce mutanen da suka sha kuka su sami abin dariya. Jigon wasan shi ne Cif Zebrudaya, wanda Chika Okpala yake fitowa a matsayinsa, dattijo mai tumbi da taƙama, wanda yake karya Turanci da cikakken ƙarfin zuciya, yana jin babu wanda ya kai shi iya harshen. Yana da matarsa Ovuleria, da barorinsa biyu, Giringory da Clarus, da abokinsa Bayarabe mai cika baki da rigima, Jegede Shokoya. Christy ta fito a matsayin Apena, matar Jegede. Zamanta a wasan bai yi tsawo ba, domin lokacin da mu muka fara taruwa gaban talabijin mai baƙi da fari a ɗakin mai gidan hayarmu kowace Talata da dare, wata matar ce mai suna Ramota take tare da Jegede. Amma yayyenmu da suka ga zamanin Apena ba su daina ambatonta ba, kuma shekaru da yawa bayan ta bar wasan mutane suna kiranta da wannan suna.

Abin da ya fi jan hankalina game da tsarin wasan shi ne yadda aka yi musayar riguna tsakanin ƙabilu. Claude Eke, wanda ya fito a Jegede Bayarabe, Inyamuri ne. James Iroha da kansa Inyamuri ne, amma Giringory da yake fitowa a matsayinsa yana magana ne da karin mutanen yankin Kalaba, wato dangin su Christy. Ita kuma 'yar Ibibiyo aka ba ta gidan Bayarabe. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin mun taso da wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa, da Gobirawa da Yarabawa, inda ake tsokanar juna a kan abinci da karin magana ba tare da an zare wuƙa ba. A namu ɓangaren ma, Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Hausar bariki yake ba mu dariya. Ban ce wannan salo ba shi da aibi ba, domin mayar da wata ƙabila baran gida kullum a allon talabijin yana barin tabo a tunanin yara, kuma na san mutanen yankin Kalaba da abin yake yi wa ciwo har yanzu. Duk da haka, a ƙasar da ba ta cika shekara goma da fita daga yaƙin da ƙabilanci ya hura ba, ganin waɗannan mutane a falo ɗaya suna faɗa suna shiryawa kowane mako ya yi aikin da jawabin shugabanni bai yi ba. Ina da yaƙinin cewa a wannan makaranta Christy ta fahimci cewa shiga harshen wani hanya ce ta shiga zuciyarsa, kuma da wannan fahimta ta gina sauran rayuwarta.

Faifanta na farko, Freedom, ya fito a 1977, kafin ta cika shekara goma sha bakwai ko daidai lokacin. Daga nan ba ta huta ba: Patience, da Time Waits for No One, da One Understanding, da Give Me a Chance duk sun biyo baya cikin shekaru uku zuwa huɗu. Kiɗan zamanin ne, disko da fank da salon baƙaƙen Amurka, yawanci da Turanci, kuma wanda ya saurare su yanzu zai ji yarinya mai ƙarfin murya tana lalube, tana gwada wannan tana gwada wancan. Masu tara tsofaffin faya-fayai a Turai da Amurka suna nemansu a yau, amma ni ban ɗauke su a matsayin aikin da ya sa ta zama abin da ta zama ba.

Wannan aikin ya zo a 1981, a faifan Ever Liked My Person?, wanda Seun Rere take cikinsa. Sunan waƙar da Yarabanci yana nufin ka aikata alheri, ko ka yi abin kirki. Kiɗanta a natse yake, ba ya gaggawa, kuma muryar tana tafiya a kansa kamar ta mai rarrashi. Uwa tana kiran ɗanta ya yi abin kirki, ya saurari maganarta domin rayuwarsa ta yi kyau, sannan ta gargaɗe shi cewa ɗan da ya yi wa uwarsa ko ubansa kallon raini, tsiya ce za ta ga bayansa. Akwai kuma muryar ɗan a ciki yana mayar da magana ga iyayensa, abin da ya fitar da waƙar daga sahun faɗan da ake yi wa yaro yana sunkuye ya mai da ita zance tsakanin mutum biyu. Babu wani abu a cikin wannan saƙo da kakata ba ta faɗa mini da Hausa ba, shi ya sa mahaifiyata ta gane shi nan take da aka fassara mata.

Lokacin da na haɗa tarihin mawaƙiyar da waƙar, sai ta sauya mini ɗanɗano gaba ɗaya. Mai rera ta ba ta wuce shekara ashirin da ɗaya ba, kuma shekara tara ke nan rabonta da jin muryar mahaifiyarta. Nasihar da take yi wa 'ya'yan mutane ita ce nasihar da mutuwa ta yanke mata tun tana kan ganiyar buƙatarta, a shekarun da yarinya take fara zama mace. Ba ni da ikon shiga zuciyarta in faɗi abin da take tunani a ɗakin ɗaukar murya, amma ina da kunne, kuma abin da kunnena yake ji a waƙar shi ne mace tana riƙe da matsayi biyu a lokaci guda, ita ce uwar da ke magana, ita ce kuma 'yar da ke marmarin a yi mata maganar. Tun da na rasa tawa mahaifiyar ban ƙara iya sauraron waƙar ina wani aiki ba, sai na ajiye abin da ke hannuna.

Kuma ta yi wannan duka da harshen da ba a yi mata goyo da shi ba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin koyon Yarabanci ya san cewa karin sauti ne ransa, kalma ɗaya takan ba da ma'ana uku ko huɗu gwargwadon hawa da saukar murya, kuma waƙa takan tilasta wa murya bin kiɗa, ta yadda baƙon harshe zai iya rera shirme yana jin ya burge. Christy ta rera ta yadda Iya, wadda aka haifa cikin harshen, take ɗaukarta tamkar 'yar garinsu, kuma har gobe ana sa waƙar a bukukuwan aure da suna a ƙasar Yarabawa. Bayan harshenta na Ibibiyo da ɗan'uwansa Efik, ta yi waƙa da Inyamuranci da Turanci, ta yi da Hausa ma. Na san akwai masu cewa dabarar kasuwa ce, a faɗaɗa masu saye. Ko da akwai wannan a ciki, ni ban ga laifinsa ba, domin ɗan kasuwar da ya koyi gaisuwarka kafin ya miƙo maka hajarsa ya girmama ka, kuma mawaƙa nawa ne a yau suke da kasuwa a duk faɗin ƙasar nan ba tare da sun wahalar da kansu da koyon jimla ɗaya ta harshen masu sauraronsu ba? Laƙabin da aka ba ta, wanda ma'anarsa ita ce uwargijiyar waƙa ta Najeriya, ya zauna mata ne saboda kowane yanki yana iya nuna wani abu nata ya ce nasa ne.

Yawon da ta yi cikin harsunan wasu bai sa ta manta gida ba. A ranar 23 ga Satumba, 1987, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro jihohi biyu, Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, da Akwa Ibom daga Kuros Riba. Duk Bakatsinen da ya ga wannan rana ya san irin farin cikin da ake nufi, kuma irinsa aka yi a Uyo, babban birnin Akwa Ibom. Christy ta yi wa sabuwar jihar waƙar Akwa Ibom Mmi, wato Akwa Ibom tawa, wadda mutanen jihar suka riƙe tamkar taken ƙasarsu.

Akwai wani ɓangare na rayuwarta da nake ganin ya shafe mu kai tsaye, shi ne batun aure. A 1979, tana kusan shekara goma sha tara, ta auri Edwin Igbokwe, wanda babban jami'i ne a kamfanin jaridar Punch. Sun haifi 'ya'ya maza huɗu, kuma suna tare har mutuwa ta raba, fiye da shekara talatin. Waƙarta mafi shahara bayan auren ta yi ta, haka ma mafi yawan abin da ake tunawa da ita a kansa. A wurinmu an saba ganin 'yar wasan Hausa ko mawaƙiya ta ajiye sana'a ranar da aka ɗaura mata aure, idan kuma aka sake ganinta a fim, sai a fahimci auren ya mutu, har abin ya zama kamar dole mace ta zaɓi ɗaya. Na san al'adarmu da addininmu suna da iyakokin da ba irin na Legas ba ne, kuma ba ina kiran kowa ya tsallake su ba. Abin da nake cewa shi ne, rayuwar wannan mata ta nuna cewa kamun kai da fitowa a allo ba abokan gaba ba ne, kuma miji yana iya zama ginshiƙin baiwar matarsa. Na girma ina jin sunanta a rediyo da jaridu, kuma abin da nake ji a kanta kullum aikinta ne.

Aikin nan bai tsaya a dandamali ba. Zamanin da ta yi tashe shi ne zamanin da kaset ya shigo da ƙarfinsa, kuma kaset ya zo da satar fasaha, domin duk mai rikoda biyu yana iya kwafar faifan da aka kashe dukiya wajen yin sa, ya cika kasuwa da shi a kan araha, mawaƙi bai ga ko kwabo ba. A farkon shekarun 1980 Christy tana cikin waɗanda suka fara tara mawaƙa domin su yi magana da murya ɗaya, abin da ya haifar da ƙungiyar mawaƙan Najeriya da aka sani da PMAN. King Sunny Ade ne ya zama shugabanta na farko, Sonny Okosun yana cikin jagorori, ita kuma aka ba ta ma'aji, tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai a tsakiyar maza da suka girme ta nesa. Matsin lambar mawaƙa yana cikin abin da ya kai ga dokar haƙƙin mallaka ta 1988. Daga 1996 zuwa 1999 ita ce ta shugabanci ƙungiyar, mace ta farko da ta hau wannan kujera. Satar fasaha ba ta mutu ba, kuma masu shirya finafinan Hausa da suka ga yadda kwafin bogi ya karya kasuwar faifan bidiyo a Kano sun fi kowa sanin haka. Amma tunanin cewa waƙa dukiya ce mai mai ita, wadda doka za ta iya kare wa, sai da wasu suka yi zarya tsakanin ofisoshi kafin ya zauna, kuma tana cikinsu a daidai lokacin da za ta iya zama a gida tana cin moriyar sunanta.

Da harkar finafinan bidiyo ta kankama a kudu a shekarun 1990, ta koma ga wasan kwaikwayo, ta fito a Flesh and Blood da Scars of Womanhood, finafinan da suka taɓo cin zarafin yara da kaciyar mata. Ba ta yi finafinai da yawa ba, kuma waɗanda ta zaɓa suna kan layin abin da take waƙa a kai tun farko, wato yara da mata da abin da ake bin manya bashinsa.

Ta rasu a Legas ranar 30 ga Yuni, 2011, bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara hamsin. Na ji labarin a rediyon mota ina kan hanyar komawa gida daga aiki, kuma gidan rediyon ya biyo sanarwar da Seun Rere. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne tsakar gidan nan na Kaduna, da bahon wankin Iya, wadda ta kwashe iyalinta ta koma kudu bayan ɗaya daga cikin rikice-rikicen da suka raba garin gida biyu, kuma ban sake jin ɗuriyarta ba. A ranar 11 ga Nuwamba, 2018, ranar da za ta cika shekara hamsin da takwas da tana raye, Google ya sa zanen Christy a shafinsa na farko a Najeriya. 'Yata ta gani a waya ta kawo mini tana tambaya, "Baba, wace ce wannan?" Na nemo waƙar na kunna mata, na fassara mata ita da Hausa kamar yadda Iya ta fassara wa kakarta a bakin ƙofa.